Toroponin T ya hau, toroponin I ya ce negatif: zuciya ce ko tsoka?

Wani malamin makaranta daga unguwar Birni ne ya turo mini tambayar, ga ta a taƙaice. Maiɗakinsa shekararta 41, wata huɗu kenan ƙarfinta yana zurarewa, in ta zauna kan tabarma sai an kama ta take tashi, ko ɗankwali ba ta iya ɗaga hannu ta ɗaura, ga baƙi-baƙi ya fito mata a fatar ido da bayan gaɓoɓin yatsu. Sun je Yamai aka ce dermatomiyozit ne, wato ciwon kumburin tsoka mai taɓa fata, aka ɗora ta kan prednizon, maganin danne kumburi. A takardun analiz ɗin CPK 4200, CPK-MB 310, toroponin T 180 ng/L, ASAT da ALAT ma duk sun hau. Wanda ya miƙa masa rezilta ya ce masa ai wannan alamar bugun zuciya ce, wato irin na toshewar jijiyar zuciya. Da suka dawo Damagaram ya sake yin toroponin a wani labo, wannan karon toroponin I, aka rubuta negatif. Ita kuma ƙirjinta ba ya mata ciwo. Yana so ya san wace takarda ce ke faɗin gaskiya, kuma ko ya fara ba ta asfirin.

Malam, Allah Ya ba uwargida lafiya, Ya sa kaffara ne. Bari in fara da abin da ya hana ka barci. Takardun nan biyu duka suna iya zama gaskiya, babu wadda ta ƙaryata 'yar uwarta. A irin wannan ciwon na kumburin tsoka, CPK-MB da toroponin T suna hawa daga tsokar cinya da ta kafaɗa kawai ko da zuciya lafiyarta lau, shi kuwa toroponin I ba ya yin haka, shi ya sa in muna da mai miyozit, wato mai wannan kumburin tsokar, shi muke tambaya labarin zuciya. To a yadda ka ba ni labari, abin da ya fi kusa shine tsokar jikinta ce ke magana ba zuciya ba. Amma ban ga mara lafiyar ba, ban sa mata abin sauraro a ƙirji ba, kuma kalmar negatif ɗin nan ita kaɗai ba ta ishe ni in ce maka ka naɗe tabarmar maganar ba. Zan gaya maka dalili.

Ita zuciya ai tsoka ce. Nama ne mai motsi kamar na damtse, kayan aikinsu kusan iri ɗaya ne, shi ya sa gwaje-gwajen suke shiga juna. CPK wani sinadari ne da ke cikin ƙwayoyin tsoka, in ƙwayar ta fashe sai ya zubo cikin jini. A yawancin labo iyakarsa ba ta wuce 170 zuwa 200 ba, duk da mu baƙaƙen fata, musamman maza masu aikin ƙarfi, namu yakan ɗan ɗara haka ba tare da ciwo ba, kuma allurar ɗuwawu ko wunin noma ma suna ɗaga shi. Na uwargida 4200, ya ninka iyaka fiye da sau 20, wannan ba na allura ba ne, garkuwar jikinta ce ta juyo tana cin tsokarta. To shi CPK iri uku ne, MM da MB da BB. Tsokar jiki mai lafiya kusan duk MM ce, MB ɗin cikinta kamar kashi 1 zuwa 3 ne cikin 100, zuciya kuwa nata MB ɗin ya kai kusan kashi 20 ko ya fi. Daga nan aka samo tsohuwar ƙa'idar da aka koya mana a makaranta, wai in MB ya wuce kashi 5 ko 6 na jimillar CPK to daga zuciya ne. In ka lissafa na uwargida, 310 cikin 4200, ya ɗan haura kashi 7, kaga inda mutumin can ya samo maganarsa, ba da mugunta ya faɗa ba, ƙa'idar ce ba ta aiki a nan.

Abin da ya sa ba ta aiki, tsoka ba ta mutuwa ta zauna haka nan, tana lalacewa tana sake gina kanta a lokaci guda. Su kuma sababbin ƙwayoyin da ke tasowa suna komawa ƙuruciya ne, suna yin irin kayan da tsokar ɗan tayi ke yi a cikin ciki, kuma tsokar ɗan tayi MB gare ta da yawa. Mai miyozit jikinsa cike yake da irin waɗannan jariran ƙwayoyin, cinya biyu, kafaɗa biyu, wuya, baya, ka haɗa nauyinsu ka kwatanta da zuciya da ba ta wuce dunƙulen hannu ba. Ƙari a kan haka, yadda ƙananan labo da yawa suke auna CPK-MB ba shi kansa suke ƙirgawa ba, suna danne ɓangaren M ne su auna abin da ya rage su ninka biyu, to in akwai wani abu daban a jinin, kamar CPK ɗin da ya manne da sinadarin garkuwa wanda ake samu a masu irin wannan ciwon, ko jinin ya farfashe a kwalba saboda zafi da jinkiri, sai lambar ta kumbura. Na taɓa ganin takarda da MB ya fi jimillar CPK ɗin yawa, abin da ba zai yiwu ba a jikin mutum. Ni dai a wurin mai miyozit na daina rubuta CPK-MB a ordonans, kuɗin mutane ne kawai ke tafiya, ya ƙara musu fargaba.

Sai toroponin, nan ne maganar take. Toroponin wasu ƙananan sunadarai ne guda uku da ke zaune a kan zaren tsoka suna ba shi izinin ya matse ko ya saki, ana kiransu T da I da C. Na C iri ɗaya ne a zuciya da wasu tsokokin jiki, dan haka ba a gwada shi. T da I kowanne yana da samfurin zuciya da samfurin tsokar jiki, gwajin kuma an ƙera shi ne ya kama samfurin zuciya kaɗai. Shekara da shekaru mun ɗauka su biyun daidai suke, kuma a wurin mutumin da tsokarsa lafiya lau haka ne, duk wanda aka yi ya wadatar. Sai aka fara lura masu ciwon tsoka na dogon lokaci T ɗinsu kullum a sama yake, an duba zuciyar ta kowace hanya ba a ga komai ba, I ɗinsu kuma yana ƙasa. Da aka yanko ɗan naman tsokarsu aka bincika sai aka tarar tsokar da ke ciwo da kanta tana ƙera toroponin T samfurin zuciya, irin dai komawa ƙuruciyar nan da na faɗa, domin tsokar ɗan tayi tana yin sa kafin daga baya ta bari. Wani babban bincike da aka yi a Basel ta ƙasar Suwizalan, aka buga a 2022, ya ƙara tabbatar da haka. Shi kuwa toroponin I na zuciya ba a san tsokar jiki da yin sa ba, ko tana tayi ko tana warkewa. Kaga injin da ya auna T bai yi ƙarya ba, abin da aka ce ya nemo ya gani, asalin inda abin ya fito ne ba zai iya faɗa ba. Kama da wane ba wane ba ne.

Iyakar T a gwaji mai kaifi na kamfanin Roche 14 ng/L ce, to 180 ya ninka ta fiye da sau 12, dole mutum ya tsorata in ya gani an ja masa layi. Amma a mai miyozit da ciwonsa ke kan ganiya, mai CPK na dubbai, irin wannan lambar ba baƙuwa ba ce, kuma sau da yawa za ka ga tana tafiya tare da CPK, in magani ya kama su sauko tare.

Yanzu ɗauko takarda ta biyun ka duba mini da kyau. Akwai lamba a kai ko kalmar negatif ce kawai? Na tambaya ne saboda toroponin I iri biyu ake yi a garuruwanmu. Akwai na ɗan faranti irin na gwajin zazzaɓin cizon sauro, a ɗiga jini a jira layi ya fito, wannan sai toroponin ya yi yawa sosai yake nunawa, zai iya kama babban bugun zuciya bayan wasu awanni amma ƙaramin kumburin naman zuciya mai ɗiga a hankali zai wuce ta gabansa bai gani ba. Akwai kuma na inji mai ba da lamba, mafi kyau wanda aka rubuta masa ultrasensible ko hs. In na farantin aka yi mata, to ni a wurina ba a gama tambayar ba tukuna, a nemi na lamba. In ka samu lambar kada ka gwada ta da 180 ɗin can, ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba. T yawanci kamfani ɗaya ke yin sa, I kuwa kamfanoni da yawa ne kuma kowanne da tasa iyakar, misali na Abbott iyakar mata 16 ng/L ta maza 34, na wani kamfanin daban. Ka duba iyakar da aka buga a gefen lambar a takardar kanta. Ka lura da ma'aunin kuma, wasu suna rubuta ng/L wasu ng/mL, tsakaninsu ninki 1000 ne, 0.18 ng/mL shine 180 ng/L. Na sha ganin dangi sun zo da murna wai lamba ta faɗo daga ɗari da wani abu zuwa sifili da ɗigo, alhali labo kawai suka canza.

Abin da ya sa nake matsawa haka, miyozit yana taɓa zuciya da gaske a wasu mutanen, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu ciwon, tare da ciwon huhu da ciwon daji. Yana iya kumbura naman zuciyar kanta, yana iya ɓata wayoyin lantarkin da ke tsara bugunta har ta riƙa tsallake ko ta yi sanyi, yana iya sa ta yi tauri ba ta cika da jini yadda ya kamata, kuma haɗarin toshewar jijiyar zuciya ma yana ƙaruwa, musamman a shekarar farko bayan an gano ciwon. Mugun abin shine yawanci shiru yake yi. Wadda ba ta iya tashi daga tabarma ai ba za ta yi tafiyar da za ta sa ta haki ba balle ta gane zuciyarta ta gaza.

Akwai wani saurayi da ba na mantawa, ɗan wajen Matamaye, shekararsa ba ta kai talatin ba, mai ɗinkin fata ne. Ya zo da polimiyozit, wani nau'in miyozit ɗin, an riga an gaya masa a wani wuri cewa toroponin ɗinsa na tsoka ne kada ya damu, maganar kuma daidai ce a kan T ɗin, sai dai ba wanda ya yi masa ECG, gwajin da ke zana lantarkin bugun zuciya a takarda. Yana zaune gabana yana ba ni labarin yadda allura ke suɓuce masa, yayansa ne ya sa baki daga bakin ƙofa ya ce ranka ya daɗe sau biyu yana faɗuwa a masallaci, mun ɗauka rashin ƙarfin ƙafar ne. Na kama hannunsa na ƙirga, bugu 38 a minti, na sake ƙirgawa ina kallon agogon bango dan ban yarda ba, 38 ɗin dai. Da aka ja takardar ECG sai ga saman zuciya na bugun kansa ƙasa na bugun kansa, ba su jin juna. Toroponin I ɗinsa da ɗan kaɗan ya wuce iyaka. Ba faɗuwar ƙafa yake yi ba, suma yake yi. Tun daga ranar, mai miyozit ba ya fita daga ofishina ban riƙe hannunsa minti guda cur ba. Toroponin yana faɗa maka ko ƙwayoyin zuciya na mutuwa yau ne, ba ya ganin tabon da aka riga aka yi, ba ya ganin wayar da ta tsinke.

Wani abin da ke raba gardama shine maimaitawa. Bugun zuciya na toshewar jijiya yana da tafiyarsa, toroponin ya fara hawa cikin awa 2 zuwa 3, ya kai ƙololuwa wajen kwana guda, sannan ya riƙa saukowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa ma'anar bugun zuciya da likitocin duniya suka amince da ita a 2018 ba ta tsaya ga lamba ta hau ba, sai an ga tana hawa ko tana sauka, sannan ga wata shaidar, ciwon ƙirji ko canji a ECG ko wani ɓangaren zuciya ya daina motsi a eko, wato hoton zuciya na ekogarafi. In dama lambar a sama take, canjin da ya wuce kashi 20 cikin 100 tsakanin gwaji biyu shi muke ɗauka da muhimmanci. T ɗin da ke fitowa daga tsoka kuwa a kwance yake, ka auna da safe 180, bayan awa uku 175 ko 186, gobe ma wajen nan. To ko a inda T kaɗai ake da shi, gwaji biyu a labo ɗaya da tazarar awa 3 sun fi gwaji ɗaya nesa ba kusa ba. Wannan yana da amfani ta ɗaya gefen ma, in wata rana Allah Ya kiyaye ta tashi da ciwon ƙirji, kada wani ya ce ai dama nata kullum a sama yake ya sallame ku, a nemi I, in babu a maimaita T a ga ko yana motsi.

In kuma na lambar ya dawo I ya hau, to mu ɗauka zuciya ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Wani lokaci ƙalilan yakan zama ruɗin gwaji, masu ciwon garkuwar jiki jininsu yana da wasu sinadarai da ke manne wa kayan gwajin, ana gane haka in an sake aunawa da injin wani kamfanin aka ga ya sha bamban. Amma wannan shawarar likitan zuciya ce bayan ya duba, ba abin da za a fara zato ba ne. A duba ƙoda kuma, domin ƙoda mai rauni tana riƙe toroponin a sama, T ya fi I. Nan ma akwai tarko, kireyatinin da muke auna ƙoda da shi daga tsoka yake fitowa, wadda tsokarta ta zube nata zai yi ƙasa, sai takarda ta nuna ƙoda lafiya alhali ta fara gajiya. In fitsarinta ya koma kalar shayi ko ya ragu, a faɗa wa likita ranar.

Akwai gwajin da ban gani a jerinka ba kuma na fi son sa a kan CPK-MB sau goma, NT-proBNP, ko ɗan uwansa BNP. Wannan zuciya ce ke sakin sa in bangonta ya miƙe saboda nauyi ya mata yawa, tsokar cinya ba ruwanta da shi. A wanda ya zo da ƙafarsa ba cikin gaggawa ba, NT-proBNP ƙasa da 125 pg/mL yana nuna da wuya a ce zuciya ta gaza, a wanda aka kawo yana haki kuwa 300 muke dubawa. Shi ma ba shi kaɗai ake karantawa ba, tsufa da ciwon ƙoda da ƙarancin jini da bugun da ya rikice suna ɗaga shi, ƙiba tana rage shi, kuma in miyozit ya taɓa huhu har ɓangaren dama na zuciya ya fara wahalar tura jini, nan ma zai hau. Shi ya sa haki a mai wannan ciwon ba a yi masa fassara ɗaya, yana iya zama zuciya, yana iya zama huhu ya fara tauri, yana iya zama tsokar numfashin ce ta yi rauni, ko abinci ne ke zamewa hanyar iska saboda haɗiya ta lalace. Ka kuma faɗa wa likitan yaushe ta yi haihuwar ƙarshe. A ƙasar Hausa raunin zuciya na bayan haihuwa ba baƙo ba ne, mun san shi sarai, in ta taɓa kumburi da haki lokacin jego to wannan ma zai shiga lissafi.

ASAT da ALAT ɗin nan kuma, kafin wani ya ce maka hanta ce a fara jiƙe-jiƙe, su ma suna cikin tsoka, ba hanta kaɗai ba. In CPK ya kai dubbai dole su bi shi, yawanci ASAT ya fi ALAT. Wanda ke raba su shine gama GT, shi ba ya fitowa daga tsoka, in yana daidai kuma idonta bai yi rawaya ba to da wuya hanta ce. Sai dai ka tabbatar an yi mata gwajin ciwon hanta na B, wanda ake rubutawa AgHBs, domin yana da yawa a cikinmu kuma prednizon mai yawa da magungunan danne garkuwa irin su metotireksat suna iya tayar da shi daga barci. Haka tarin fuka. In ba a yi ba ka tuna wa likitanta cikin ladabi, ba laifi ba ne.

Maganar asfirin, a'a Malam, kada ka fara da kanka. Asfirin a kan prednizon hanya ce ta gyambon ciki da zubar jini, kuma ba ya maganin kumburin tsoka ko na naman zuciya, aikinsa a jijiyar da ta toshe ne. Na karɓi wata baiwar Allah daga wani ƙaramin asibiti da aka ga T ɗinta a sama aka yi mata cikakken maganin bugun zuciya, asfirin da abokinsa da allurar tsinka jini a ciki safe da yamma, kwana huɗu. Ta iso da cinya ɗaya ta kumbura ta yi tauri kamar turmi, fatar tana sheƙi, tafin hannunta fari fat, jini ne ya zuba cikin tsokar da dama ciwo ya riga ya raunana ta. Sai da aka nemo 'yan uwa suka ba da jini. Zuciyarta kuwa da muka duba babu abin da ya same ta. Ban ga laifin wanda ya yi ba har can, tsoron kada ya rasa ta ne, amma abin ya tsaya mini a rai domin gwaji ɗaya na I da ECG biyu da sun hana. Haka maganin rage kitsen jini da ake kira statin, wanda ake haɗawa da asfirin in an yi zaton bugun zuciya, shi kansa yana iya taɓa tsoka, akwai ma nau'in miyozit da shi ke tayar da shi, to ba a ba mai wannan ciwon sai likitan da ya san ciwon ya auna ya ga dole. Diklofenak da ibuprofen na masu tallan magani a kai ma a nisanta mata su, komai ciwon jikin.

Abin da zan so ka yi cikin satin nan, ka kwashi takardun duka har na Yamai ka kai ta wurin likitan zuciya ko na cututtukan cikin jiki a Asibitin Ƙasa na nan Zinder, ka fara da faɗin sunan ciwonta kafin ka miƙa takardar toroponin, saboda da sunan ne zai karanta lambar. A yi ECG, a yi eko na zuciya, a yi toroponin I na lamba, in hali ya yi a ƙara NT-proBNP da kireyatinin da potasiyom da sukari, tunda prednizon yana ɗaga sukari da tansiyo yana kuma rage potasiyom, shi kuma ƙarancin potasiyom yana rikita bugu. In kuɗi bai kai duka ba, ni ECG da eko zan sa a gaba, sai I. In tana jin faɗuwar gaba ko jiri amma ECG bai nuna komai ba, akwai ɗan injin da ake rataya wa mutum awa 24 yana naɗar bugun, sunansa Holter, ka tambaya. Hoton IRM na zuciya shi ya fi ganin kumburi da tabo, amma ba ko'ina ake yin sa ba kuma ba kowa ke bukatarsa ba, sai in waɗancan sun nuna wani abu.

A gida kai ne idonmu. Ka koyi kama bugun hannunta ka ƙirga minti guda safe da dare ka rubuta a ɗan littafi. In ya sauka ƙasa da 50, ko ya zauna sama da 120 tana kwance ba zazzaɓi, ko ka ji yana tsallake-tsallake, ko ta suma ko da na ƙiftawar ido ne, ko ƙirji ya danne ta da zufa, ko ta kasa kwanciya sai ta jingina da bango, ko ƙafafu sun kumbura har yatsa na lotsawa, ko ruwa ya fara shaƙe ta yana fitowa ta hanci, to ba a jiran randebu, ijans za ku nufa ko tsakar dare ne. A rage mata gishiri da dunƙulen miya, kunun kanwa a ajiye shi tukuna. Prednizon kuma kada a tsayar da shi rana ɗaya dan an ga fuska ta cika ko dan wani ya ce yana taɓa zuciya, tsayar da shi kwatsam yana da haɗari, a hankali ake saukowa da shi bisa tsarin likita.

In duk sun dawo lafiya, wanda shi nake fata kuma shi na fi zato, kada ka yar da takardun. ECG ɗin farko da lambar I ta farko su ne za a riƙa gwada na gaba da su, ka ɗauke su hoto a waya ka sa asalin a leda. Duk lokacin da ciwon ya motsa ko aka ga sabuwar alama a sake ECG, in ba haka ba ko sau ɗaya a shekara. Kuma tunda dermatomiyozit ne kuma ta haura 40, ka tambayi likitanta maganar binciken mama da mahaifa da ƙwayayen haihuwa da hoton ƙirji, domin wannan nau'in wani lokaci yana zuwa tare da ciwon daji a ɓoye, an fi samun haka a shekaru ukun farko, ba dan na ga alamar haka a labarinka ba, kowa muke yi wa. Ka turo mini abin da aka rubuta a takardar toroponin I ɗin, lambar da ma'aunin da iyakar da ke gefe, ka rufe sunanta kafin ka ɗauki hoton. A gaida uwargida da jiki.